Surukin da Yake Ƙirga Mu

Ni na aurar da yayata ga soja Bature, kuma ta waya na yi. Tun da Baba ya rasu ni ne waliyyi a gidanmu, ko da yake Yaya ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, ita ta goya ni. Ta yi aikin jinya a Jidda shekara da shekaru, mijinta na fari ya rasu, sai ta sami aiki a Ostireliya, a wani asibiti da ake kula da tsofaffin sojoji. Wata rana ina shagona a unguwar Zahir ta Makka, inda nake gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ta kira ni ta ce akwai wani. Tsohon hafsa ne, manjo, matarsa ta rasu, kuma ya musulunta tun kafin ya san ta, lokacin da aka tura shi aiki Malesiya. Na yi 'yan tambayoyina, na yi magana da limaminsu na can, na ce na bayar. Sai da aka shafa fatiha na tuna ban gaya wa Inna ba.

Da na gaya mata, ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na fi jin daɗi. Ta ce, "To, tun da kun gama, ni kuma me zan ce? Allah Ya ba da zaman lafiya." Ta ci gaba da tsinke zogalenta. Shekara uku ba ta ƙara tayar da maganar ba, ko da kuskure.

A shekara ta huɗu suka zo umara, za su yi mako biyu a gidanmu da ke unguwar Rusaifa. Na je Jidda na ɗauko su. Manjo dogo ne, gashinsa fari fat, yana ɗan ɗingishi, kunnensa na hagu kuma ya mutu tun a wurin yaƙi saboda ƙarar igwa. Da muka yi lissafi sai muka ga ya girmi Inna da kamar shekara biyu, duk da cewa shekarun Inna kintace ne, don a hanya aka haife ta, a ƙasar Sudan, iyayenta suna tafe da ƙafa daga Kano. Ni a Makka aka haife ni, amma kawuna ya kai ni Kano na yi sakandare, shi ya sa duk gidan ni da Yaya ne kaɗai muke jin Turanci. Nawa na gyaran inji ne, amma yana kai ni inda za ni.

A mota na yi masa horo. Na ce in mun isa ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya tsuguna daga nesa, ya sunkuyar da kai, kada ya miƙa hannu, kada ya kalli idonta. Ya maimaita mini su ɗaya bayan ɗaya kamar wanda aka ba umarnin kai hari. Abin da bai gaya mini ba shi ne akwai ƙarfe a gwiwarsa. Ya tsuguna ɗin kuwa, gwiwar ta yi wata ƙara, sai da ni da ƙanena muka kama shi ta hamata muka ɗaga.

Inna tana zaune tana cin burodin tamis da ful, dafaffen waken nan na Larabawa. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ido cikin ido, ta ce, "Sannu da zuwa, Bature. Ku ba shi kujera, kada ya karye mana a gida." Ta gutsuri burodinta ta kai baki.

Ni da Yaya muka kalli juna. Wanda bai san gidanmu ba zai ce ai tarba ce mai kyau. Amma Inna tana da wani surukin, mijin ƙanwarmu, shekararsa ashirin da biyu da aure, kuma har yau bai taɓa ganin ta haɗiyi ruwa ba. In ya yi sallama tana cin abinci, sai ta rufe kwanon, ta ja mayafi, ta juya wa bango fuska. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa doguwar magana sai ta bakin wani. Haka uwar mata take yi wa wanda ta yarda mijin 'yarta ne. Shi kuwa Manjo, a gabansa take tauna ƙashin kaza, ta tsotse ɓargo, ta yi gyatsa. Ba ta jin kunyarsa ko ta ƙwayar zarra, kamar dai mai kawo tukunyar gas ne ya shigo.

Abin haushin shi ne Manjo ya ji daɗin haka ƙwarai. Kwana uku da zuwansu ya ja ni gefe ya ce mahaifiyata mace ce mai sakin fuska, ya lura tana son sa. Ya rage murya ya ce amma wancan bawan Allahn, mijin ƙanwata, me ya yi mata haka da ko kallonsa ba ta son yi? Ya ce in akwai hanyar da zai sa baki a sasanta su, a shirye yake.

A ranar na iske Yaya a kicin tana yanka albasa, tana hawaye, na kuma san ba albasar ba ce. Ta ce, "Ba ta ɗauke shi suruki ba. Baƙo ne kawai ya zo umara. In na koma haka, wallahi ban san ko zan sake samun ta da rai ba." Kuma ba ta da halin zuwa ta tambaye ta. Ita ce 'yar fari, Inna ba ta kiran sunanta, ba ta ma cika yi mata magana kai tsaye ba. Suna ɗaki ɗaya za ka ji ta ce, "A gaya wa waccan miyarta ta yi gishiri." Na tausaya wa Yaya, na kuma ji haushin kaina, don gaggawata ce ta jawo rabin abin.

Manjo dai ya ci gaba da zamansa na soja a cikin gidan da ba a san soja ba. In muka ce za mu Harami bayan la'asar, sai ya tambaya ƙarfe nawa ke nan. Na ce bayan la'asar mana. Ana sallame la'asar za ka gan shi a bakin ƙofa, ya ɗaura jakarsa, ya cika gorar ruwa, yana duban agogo. Mu kuwa sai an yi shayi, an nemi makulli, an yi rigima kan wa zai zauna gaba, mu fita ana kiran isha. Tarin takalman da ke ƙofar gidanmu tun ina yaro, wanda kowa yake tonawa ya nemi nasa, shi ya jera su sahu-sahu, manya a baya, ƙanana a gaba. Mako guda ba wanda ya iya gane takalminsa.

Duk wannan Inna ta ƙyale. Ranar Juma'a ce aka yi ta. Duk zuri'a sun taru cin abincin rana, 'ya'ya da jikoki da matan 'ya'ya, aka ce a fita a je gidan ƙanwarmu shan shayi. Manjo ya tsaya a ƙofa, duk wanda ya zo wucewa sai ya nuna shi da yatsa, leɓensa yana motsi. Yaran ma har taɓa kansu yake yi.

Inna ta ajiye carbinta. Ta ce, "Kai, me yake yi?"

Na ce, "Ba komai, Inna, wasa yake da yara."

"Ni za ka yi wa ƙarya? Ƙirga su yake."

A gidanmu ba a ƙirga mutane. In ka tambayi Inna jikokinta nawa, za ta ce alhamdu lillahi. In ka sake tambaya, za ta ce suna nan da yawa, ta tambaye ka lafiyar mutanen gidanku. Takardun hukuma da ake rubuta adadin iyali, sai na fita waje nake cikewa. A wurinta, ka faɗi yawan 'ya'yan mutum, ka jawo musu baki ke nan. Na sha gaya mata malamai sun ce wannan ba shi da asali, ta ce malam ya je ya ƙirga nasa.

Don in sassauta abin, na tambayi Manjo inda ya koyi wannan hali, ina fatan ya ce dokar soja ce. Sai ya washe baki ya ce tun yana yaro ne, a gonar babansa. Kullum da yamma shi yake tsayawa a bakin shinge yana ƙirga tumaki suna shiga. Ni kuma da wautata na fassara mata yadda ya faɗa, ban rage komai ba.

Inna ta dube shi. Ta ce, "Tumaki. A cikin gidana." Sannan ta ce in gaya masa ana ƙirga dabba, ana ƙirga buhun shinkafa, amma in ya sake nuna jikanta da yatsa, ya nemi otal.

Ya ba da haƙuri, ya daina nuni da yatsa. Da aka sake yi masa magana, leɓen ma ya daina motsi. Amma idon nan nasa shuɗi bai daina ba. Duk inda za mu fita sai ka ga yana tsalle daga kai zuwa kai, kuma Inna ta gani. Ta ce, "Idonsa yana ƙirga." Sai ta shiga yaƙi da shi irin nata. In za a fita, ta sa yara su fita su dawo su sake fita, waɗansu ta ƙofar baya. Wata rana ta ɓoye jikoki biyu a bayan labulenta. Manjo ya tsaya a tsakar gida fuskarsa ta yi fari, yana leƙa ɗakuna, ya hau bene ya sauko da gwiwar nan tasa. Muka yi ta dariya, har da ni, na fi kowa ma. Na ga halin da ya shiga, na ɗauka tsufa ne.

Da safe yakan bi ni shago, ya zauna a kan kujerar roba yana miƙo mini sukurdireba. A nan na ji labarin aikinsa. Yana da shekara ashirin da biyu aka tura shi yaƙi a Biyetnam, yana ƙaramin hafsa, da mutane a ƙarƙashinsa waɗanda wasunsu sun girme shi. Ya ce abin da ya fi tunawa shi ne ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da suke shiga takalmi, da abincin gwangwani wanda ko biri ya sata yakan dawo da shi. Ya ce sajensa shi ne ainihin mai rundunar, shi dai an ba shi taswira ne ya riƙe don ya ji shi ma wani ne. Bayan yaƙi ya yi shekaru yana horar da sabbin sojoji, sannan aka kai shi Malesiya, inda wani direbansa yake ajiye mota a gefen titi ya yi salla ko da janar ne a ciki. Ya ce girman kan mutumin nan a gaban manya da ƙanƙan da kansa a kan tabarma su suka fara jan hankalinsa. Duk labaransa na dariya ne. Ranar da na tambaye shi ko ya rasa mutane a can, sai ya ɗauki wata tsohuwar fanka ya tambaye ni yadda ake kwance ta.

Saura kwana ɗaya su tafi, ba abin da ya canza. Yaya ta daina kuka, ta koma shiru, wanda ya fi kukan ciwo. Ta roƙe ni mu kai shi ya ga Arfa, tun da umara kaɗai ya zo. Lokacin sanyi ne, kuma mutanen Makka sun saba fita can da yamma in ba lokacin aikin hajji ba, a shimfiɗa darduma a gasa nama. Muka ɗauki mota uku: tawa, ta ƙanena, da ta mijin ƙanwarmu. Inna ta shiga tawa, ta yi ta mita tun daga Rusaifa cewa mai gyaran sanyi ne ni amma motata kamar tanda. Da muka isa ta ce ita kam da ƙanena za ta koma.

Arfa ba mutane abin kallo ce. Fili fetal, ga itatuwan darbejiya a jere, ga layin famfuna da banɗakuna ba kowa. Manjo ya daɗe a tsaye yana dubawa, hannuwansa a baya. Ya ce yana ta lissafin yadda ake shigo da wannan ɗimbin jama'a a fitar da su a yini ɗaya, ya ga ko an ba shi duk sojan ƙasarsu ba zai iya ba. Muka ci nama, yara suka yi ta guje-guje, ƙanena ya ƙona rabin tsiren yana waya.

Dab da magariba hadari ya taso ta gabas, iska ta fara kwasar ledoji. Mutumin Makka ba ya wasa da ruwan sama, don mun san yadda kwari yake cika kafin ka ɗaure takalmi. Aka shiga "yalla, yalla," wato maza-maza, ana jefa kaya a but ɗin mota, yara suna faɗawa duk motar da suka samu. Ƙanena ya ja tasa ya tafi. Mijin ƙanwarmu ya bi shi. Na tayar da tawa, matata da Yaya da yara suna baya, ɗigon ruwa ya fara bugun gilashi. Manjo yana tsaye a waje, ya riƙe murfin ƙofa, bai shigo ba.

Ya ce, "Saura mutum ɗaya."

Raina ya ɓaci. Na ce masa ya shigo, yara sun canza mota ne, kuma ba an hana shi wannan abin ba? Na faɗi maganganu da ban kamata in faɗa wa mijin yayata ba, har na ce nan ba bariki ba ne. Bai ko ɗaga murya ba. Ya faɗi adadin da muka zo, ya faɗi adadin da suka shiga kowace mota. Ba zan rubuta su a nan ba, ɗan Inna ne ni. Ya ce bai san ko wane ne ba, don matan duk baƙar abaya suka sa, amma shi ba zai shiga motar nan ba.

Don in rufe masa baki na kira ƙanena. Na ce kowa yana wurinka? Ya ce kowa lafiya. Yaya ta karɓe wayar ta ce ya ba ta Inna.

Ya ce, "Inna ai tana wurinku."

"Ba ta ce da kai za ta koma ba?"

"Ni ba ta gaya mini ba."

Ba sai mun kira mota ta uku ba. Inna ba za ta taɓa shiga motar surukinta ba ko da ruwa zai cinye ta. Duk cikinmu ba wanda ya tambayi ina Inna, saboda a gidanmu ita ce take tambayar ina wane.

Na fito a guje ina kwala kira ba tare da na san inda na nufa ba. Manjo ya riƙe hannuna. Ya tambayi Yaya lokacin da ta gan ta na ƙarshe, da abin da ke hannunta. Yaya ta ce buta. Ya dubi inda muka shimfiɗa darduma, ya dubi layin famfunan da ya fi kusa, ya ce ba wannan ba, mace mai kunya za ta zaɓi wanda ba a hango ta daga wurin maza. Ya nufi na can baya yana ɗingishi, ni ina bin sa kamar kurtu.

A can muka same ta, a zaune kan dakalin siminti a bayan famfuna. Ta yi alwala, ta zo tashi gwiwarta ta riƙe, wayarta kuma tana cikin jaka a motata. Ruwa ya jiƙa mayafinta. Ba kuka take ba, fushi take, irin wanda ban taɓa gani ba.

Ta ce, "Na ji tashin motoci. Ɗaya, biyu. Ina zaune ina jiran ta uku."

Na durƙusa ina ba ta haƙuri, ta ture hannuna. Ta ce wa ya tuna da ni? Na so in ce dukkanmu, amma bakina ya ƙi. Na nuna shi. Manjo ya cire rigarsa ta sama ya ɗaga ta a kanta kamar rumfa, bai taɓa ta ba. Ya miƙo mini na riƙe, shi kuma ya zauna a ƙasa cikin jiƙa, ƙafar nan a miƙe, yana numfashi da ƙyar. Ba wanda ya tambaye shi, ya fara magana, ya ce in fassara mata.

Ya ce wata rana a daji, ana ruwa, ana harbi, jirage masu saukar ungulu suka zo kwashe su. Ya tambayi saje ko kowa ya shiga, saje ya ce e. Shi bai ƙirga da kansa ba, don yana sauri, kuma yana jin tsoro. Sai da suka sauka a sansani aka ga babu ɗaya. An harbe shi a ƙafa, yana kwance a cikin ciyawa, bai fi nisan nan da motarmu ba. Bayan kwana biyu suka koma suka ɗauko gawarsa. Ya ce ya tabbata yaron ya ji tashin jiragen.

Inna ta ce, "Shekararsa nawa?"

Na tambaya. Sha tara.

"Yana da uwa?"

Ya ce yana da. Da ya koma gida ya je ya same ta, ya gaya mata gaskiyar yadda aka yi. Ta saurare shi har ya gama, ta buɗe masa ƙofa ya fita. Kowace shekara yana rubuta mata takarda har ta rasu, ba ta taɓa amsawa ba.

Inna ta gyara jiƙaƙƙen mayafinta. Sannan ta ce, "Ka ce masa wata mata ta taɓa tsayawa a ƙofar tsohon gidanmu ta ƙirga nawa. Ta ce bakwai, ko masha Allah ba ta ce ba. Kafin azumi ya zagayo ƙyanda ta ɗauki biyu." Na san an yi wasu kafin ni da suka rasu, amma ban taɓa jin adadi daga bakinta ba sai ranar. Na fassara masa. Manjo ya ce ta yafe masa, bai sani ba. Ta ce, "Ku tashe ni mu tafi, ruwa zai ci mu."

Muka ɗauke ta muka kai ta mota. Da muka isa gida ta tara mu ta wanke mu tas, ƙanena ya fi kowa shan sa, har tsiren da ya ƙona sai da aka ambata. Manjo kuwa ko sunansa ba ta kawo ba, ba godiya, ba komai. Yaya ta shiga haɗa kaya. Ta ce mini shi ke nan, ta yi iya yinta, ai ba dole.

Washegari da hantsi na sa akwatunansu a mota. Inna tana falo tana karin kumallo, kofin shayi a hannu, kwanon ful a gabanta. Yaya tana tsugune a gefe sun yi sallamar da suka saba, wadda rabinta da bango ake yi. Manjo ya zo bakin ƙofa ya yi sallama da Larabcinsa mai kaushi, fuskarsa a sake, ya zo ban kwana da mutuniyarsa.

Inna ta dire kofin har shayin ya zube. Ta jawo faifai ta rufe kwanon. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta dafa bango ta miƙe da gwiwar da jiya sai da muka ɗauke ta, ta shige ƙuryar ɗaki ta saki labule. Lomar da ke bakinta ma ban san inda ta kai ta ba.

Daga can ciki, da wata siririyar murya da ba ta yi wa kowa sai mutum ɗaya a duniya, ta ce, "A ce ana gaishe shi. A ce Allah Ya kiyaye hanya."

Manjo ya tsaya kamar an dasa shi. Ya juyo gare ni, duk jinin fuskarsa ya tsere. Ya ce a hankali, saboda labarin jiya ne ko? Yanzu ta san irin mutumin da yake, ba ta ma iya kallonsa. Ya ce ba komai, ya gane, ba ita ce uwa ta farko da ta yi masa haka ba.

Ban san lokacin da na kama kafaɗunsa ba. Yaya tana zaune daɓas a ƙasa, tana kuka tana dariya. Na ce masa ya saurara da kunnensa mai ji. Na ce daga yau ba za ta ƙara cin abinci a gabansa ba, ba za ta ƙara kallon idonsa ba, ba za ta ƙara ce masa Bature ba, har ɗayansu ya bar duniya. Na ce yanzu shi da mijin ƙanwarmu sahunsu ɗaya.

Ya dubi labulen, ya dube ni. Ya ce, "Kuma wannan abin murna ne?"

Yaya ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Shi na zo nema."

Labulen ya ɗan motsa. Inna ba ta ce a gaya wa waccan ba. Ta ce, "Ke, tashi mana ki zuba wa mijinki shayi. Kin bar shi a tsaye, ga ƙafa ba lafiya."